Dukan Mai Katifa

A duk unguwar babu wanda Allah ya hore wa fuskar tsoratar da yara kamar Mai Katifa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, girarsa a haɗe, muryarsa kuwa ko gaisuwa ya yi sai mutum ya ɗauka sammaci ya kawo. Kunnensa na hagu ba ya ji, tun daga wani mari da kawunsa ya yi masa yana ƙarami a kan kofin da ya fasa. Saboda haka idan ana yi masa magana yakan karkato da kai ya kafa wa mutum ido ɗaya, abin da manya suka fassara da kwarjini, yara kuma suka fassara da ajali.

Shagonsa ciki biyu ne. A na gaba akwai keken ɗinki, da teburin yankan yadi, da gwangwanin basilla da zare, da bencin baƙi wanda ƙafarsa ɗaya take neman taimakon bulo. A na baya ake zube auduga a bubbuge ta da sanda har ta saki jiki, sannan a ɗura ta cikin rigar katifa a sake bugu don ta daidaita. Wanda bai taɓa jin saukar sanda a kan sabuwar katifa ba, ba zai gane yadda ƙarar take kama da saukarta a kan mutum ba. Bambancin kaɗan ne, kuma a kan wannan ɗan bambanci tarbiyyar unguwa guda ta tsaya shekara da shekaru.

Abin ya faro ne ba da shiri ba. Wata maƙwabciya, wadda mijinta matafiyi ne, ta jawo ɗanta da kunne har bakin shago, bayan ya jefi gilashin tagar mutane.

"Mai Katifa, don Allah ara min hannunka," in ji ta. "Ubansa ba ya gari, ni kuma in na dake shi dariya yake yi, hannuna ne yake kumbura. Ga sanda a hannunka, ga shi. Ba shi shida masu kyau."

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, amma kafin kalmar ta fito ta riga ta tura yaron ɗakin baya, ta tura shi ma, ta ja ƙofa. Yaron ya maƙale a lungu yana kururuwa tun ba a taɓa shi ba. Mai Katifa ya ɗaga sanda, ya dubi ƙananan kunnuwan nan da suka yi ja, hannunsa ya ƙi sauka. Don takaici, da kuma son a yi masa shiru, sai ya sauke ta a kan katifar da yake aiki. Yaron ya ƙwalla ƙarar da ta tayar da karnukan layin.

"Yawwa! Ƙara masa!" in ji uwar daga waje.

Ya ƙara wa katifa. A ta huɗu muryar uwar ta sake.

"To, ya isa haka, bawan Allah! Gyara na ce, ban ce ka kashe min ɗa ba!"

Ta karɓi abinta tana share masa hawaye, ta saya masa alewa a hanya, kafin magariba kuma babu gidan da bai ji cewa an sami mai hannu a unguwa ba.

Daga nan abin ya zama sana'a ta biyu, wadda ba a biya, ba a kuma hutu. Iyaye suka riƙa kawo 'ya'yansu kamar yadda ake kai takalmi wurin gyara, kowa da adadin da yake so. Akwai masu cewa a yi sama-sama, gobe akwai makaranta. Akwai masu cewa a danna, kakarsa ce ta lalata shi. Mai Katifa, da yake mutum ne mai son aiki ya fita da kyau, sai ya yi wa abin ƙa'ida. Yaro zai tsaya a lungun da sanda ba ta kaiwa. Ihu bayan ƙara yake zuwa, ba kafinta ba, domin an taɓa samun wani mai gaggawa da ya kusa tona asiri. Yaro ba ya kukan kiran uwarsa sai an wuce rabi. Idan an gama, akwai kwanon ruwa a bayan buhu na jiƙa fuska, kuma wanda ya fita yana ɗingishi da ƙafar dama, da ita zai ci gaba har ya kai gida. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta riƙe sauran: duk wanda ya faɗa wa babba, ranar da aka sake kawo shi katifa za ta huta.

Tsakanin bugun ƙarshe da buɗe ƙofa akwai ɗan lokaci da iyaye suke ɗauka na farfaɗowa ne. A nan Mai Katifa yakan zauna a kan buhu, ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce, "To, me ka yi? Don me?" Yara da yawa a ɗakin nan aka fara yi musu tambaya ta biyun. Wasu sukan shirga ƙarya, wasu sukan fashe da kukan gaske bayan sun gama na haya. Wasu sun gyaru, wasu sun fita yadda suka shiga, kamar dai yaran kowace unguwa. Amma a wurin iyaye, wanda ya gyaru aikin sanda ne, wanda bai gyaru ba kuwa bai sha isasshiya ba ne. Da irin wannan gwaji sanda ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Yaro ɗaya ne tak a unguwar bai taɓa shiga ɗakin ba, shi ne ɗan Mai Katifa na cikinsa, wanda ake kira Shiru-shiru. Gidansu a manne yake da shagon, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakin auduga da inda yaron yake kwana yake karatu. Tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi yake jin saukar sanda da kururuwar abokan wasansa, yake kuma leƙen su ta taga suna fitowa suna jan ƙafa. Ya yi nazari irin na yaro, ya yanke shawarar cewa shi ba zai taɓa yin laifi ba, kuma abin mamaki, ya cika. Bai fasa ba, bai yi zagi ba, bai makara ba. Yakan tsinci audugar ubansa ya cusa a kunne kafin ya buɗe littafi. In uban ya miƙo hannu zai shafa kansa, sai ya runtse ido ya duƙar da wuya, uban kuma ya ɗauka ladabi ne.

Sauran yaran ba su gaya masa ba, domin ɗan gida ne, bakinsa kusa yake da kunnen uwa. Maimakon haka ƙara masa gishiri suke yi. "Kai, yau ubanka ya kusa cire min ƙugu," wani zai ce, yana dafe da baya. Shiru-shiru sai ya ciro fensirinsa ya ba shi, a matsayin ban haƙuri.

Inna, matar Mai Katifa, ta san komai, tun da ita take share ɗakin, ita take kuma cika kwanon ruwa. Da mijin ya taɓa cewa ko a gaya wa yaron, sai ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"A gaya masa a ce me? Mata suna ta fama da nasu, ni nawa ko tsawa ba na yi. Ka bar min shi haka. In ya girma ya gane."

Bai ja ba. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, yana jin daɗin yadda ake nuna ɗansa da yatsa ana cewa, "Ga shaida nan. Wannan fa ƙarar kawai yake ji."

Shiru-shiru ya girma bai gane ba. Ya yi karatu, ya sami aiki a ɗakin karatu na gari, inda doka ta hana ɗaga murya, ya kama gida a can ƙarshen gari, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. A wannan tsakani katifar soso ta shigo ta cinye kasuwar auduga, sai tsofaffi masu ciwon baya suka rage wa Mai Katifa. Sana'a ta biyu kuwa ba ta ja baya ba. Yaran jiya sun zama magidanta, suna jawo nasu 'ya'yan zuwa ɗakin da suka san cikinsa sarai, fuska a murtuke, suna cewa kada a tausaya. Ta haka kowane uba yakan koma gida matarsa ta gamsu, maƙwabta sun ji, ɗansa kuma ko ƙwarzane babu. Babu wanda ya taɓa furta wannan yarjejeniya, shi ya sa ta daɗe.

Tsufa ya sauko wa Mai Katifa da buri guda: ya ɗauki jikarsa. Yarinyar ta fara surutu, kumatunta kamar matashin kai, amma shi daga nesa yake ganin ta. Shiru-shiru yakan kawo ta gaisuwa a ƙarshen mako, ya zauna a bakin benci, ya ɗora ta a cinya ya zagaye ta da hannu biyu kamar mai tsoron iska. Kafin shayi ya huce ya miƙe. Tsohon ya yi haƙuri har haƙurin ya gaji. Sai ya sami yadi mai furanni, ya ɗinka 'yar katifa da ɗan matashinta, ya tsince audugar da hannunsa don kada ko ƙwaya ɗaya ta tokare ta. Da suka zo ya fito da ita yana murmushi, wanda a fuskarsa yakan yi kama da ciwon haƙori.

"Ga abin da na yi wa amaryata. Ka bar ta ta wuni, uwarta ta huta. Da yamma ka zo ka ɗauki abarka."

Shiru-shiru ya dubi katifar, ya dubi ƙofar ɗakin baya, ya ƙara matse yarinyar.

"An gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai ba ta saba ba."

"Ai da wuni ake sabawa."

"Tana da ƙiriniya, Baba. Fashe-fashe take yi."

"Ta fasa mana. Me muke da shi na fasawa?"

Ɗan ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana gyara wa yarinyar wuyan riga da ba ya buƙatar gyara.

"Baba, ka gafarce ni. Ban taɓa yi maka musu ba, yau ma ba musu nake yi ba. Amma tun ranar da aka haife ta na ɗaukar wa kaina alkawari, ba za ta wuni a gidan da ake dukan yara ba."

Mai Katifa ya karkato da kunnensa mai ji, ko da yake ya ji.

"Ni na taɓa dukanka?"

"Ban taɓa ba ka dalili ba."

Nan take tsohon ya zazzage asirin da ya riƙe tsawon rayuwarsa: lungun, da kwanon ruwa, da ɗingishin, da katifar da take ɗaukar laifin kowa. Ɗan ya saurara har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba, sannan ya ce, "To, Baba." Irin to ɗin da ake ce wa majinyacin da ya rantse ya warke.

"Gaskiya ubanka ya faɗa!" Inna ta ɗaga murya daga madafa. "Ni da hannuna nake cika kwanon!"

"Inna, Allah ya bar ku tare," in ji Shiru-shiru cikin ladabi. Ya saɓi 'yarsa, ya yi sallama.

Mai Katifa bai karaya ba. A ganinsa magana ce ta shaida, shaidu kuwa ba su yi masa wuya ba, tun da rabin magidantan unguwar ta ɗakinsa suka bi. Washegari ya sa hula ya nufi shagon aski, inda suke taruwa. Ya tarar ana tsakiyar hirar da aka fi so a wurin, wato lalacewar yaran zamani. Direba, wanda shi ne yaron nan na farko da ya jefi gilashi, yanzu da tumbi da furfura a gemu, ya naɗe ƙafar wando yana nuna wa samari wani tabo a gwiwarsa.

"Kun ga wannan? Ga mai shi nan ya shigo, ku tambaye shi! Ranar sai da aka ɗauke ni. Ku yanzu a harare ku, ku ce an tauye muku haƙƙi."

"Kai naka wasa ne," in ji wanzamin, yana wasa aska. "Ni mako guda a kife nake kwana."

Aka tashi aka ba tsohon kujera mai kyau, ana ta sa masa albarka. Ya san tabon nan. Daga kan keke aka samo shi, shi ma ya ɗaure ciwon da ƙyallen katifa. Ya yafito Direba suka koma bayan shago.

"Ina so ka zo ka gaya wa ɗana gaskiya."

"Wace gaskiyar, Baba?"

"Cewa ko da yatsa ban taɓa taɓa ka ba."

Direba ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Baba, ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka. Da labarin nan nake tashin yarana, da shi nake kwantar da su. Matata ma tausayin tabon nan ne ya fara sa ta kula ni. In ya tabbata keke ne, ni kuma na zama wa? Ka ce in kai ka ƙarshen duniya a motata, yanzu in tayar. Amma wannan kam, ka yi haƙuri."

Haka tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce yana da baƙi. Wani ya ce ƙuruciya ce, ba ya iya tunawa. Wani kuma, mai shagon magani, ya dube shi ido cikin ido ya rantse cewa har yanzu in sanyi ya sauko yana jin wurin. Kuma abin da ya fi tayar wa tsohon da hankali shi ne, da gaske mutumin yake.

Ya ajiye babban fatansa a kan Hedimasta, domin shi mai ilimi ne, kuma a ƙuruciya babu wanda ya kai shi iya ihu. Hedimasta ya tarbe shi a ofis da girmamawa, ya kunna masa fanka, ya saurari buƙatar yana haɗa yatsu.

"Baba, na fahimce ka sarai. Amma gaskiya iri biyu ce. Akwai ta abin da ya faru, akwai ta abin da ya kamata yara su ji. Mu a nan ta biyun muke koyarwa. A farkon kowane zango nakan tara ɗalibai in ba su labarinka, in ce musu da ba don sandar wannan dattijo ba, da yanzu ina tasha ina dako. Malamai har tafi suke yi."

Idon Mai Katifa ya sauka a bayan ƙofa, inda aka jingine damin bulala. Bakunansu duk sun tsattsage. Shi da ya ƙare rayuwarsa da sanda a hannu ya san irin aikin da yake tsaga bakin bulala.

"Waɗannan fa, wace katifa suke sauka a kai?"

Hedimasta ya yi dariyar manya.

"Haba Baba, a nan ina muka ga katifa? Amma ka kwantar da hankalinka, tafarkinka muke bi. Duk yaron da aka kwantar, da sunanka ake farawa."

Tsohon ya fito bai karɓi lemon da aka kawo masa ba. A hanya aka gaishe shi sau da yawa, bai amsa ba, mutane suka ce ta kunnen hagu suka biyo.

Ƙarshen mako ya zagayo, Shiru-shiru ya kawo gaisuwa kamar kullum, ya zauna a bakin benci da yarinyar a cinya. Ba a ta da maganar ba. Uban yana ɗinke bakin wata farar katifa da za a zo ɗauka da yamma, ɗan yana tambayar lafiyar gwiwa, kowa yana taka maganarsa a hankali. Sai ga Direba ya ɓullo yana jan autansa da wuyan riga, matarsa tana biye riƙe da madubin mota a hannu kamar mai kai shaida kotu.

"Baba, ga shi nan," in ji ta. "Madubin motar ubansa ya ɓalle, wai lilo yake yi. Uban ya tsaya yana ce min yaro ne. Na ce masa to, a kai shi inda aka gyara ka."

"Kada ka tausaya masa, Baba!" in ji Direba da ƙarfi, don layi ya ji. Ya ƙifta wa tsohon ido ta gefen da matar ba ta gani. "Yadda ka yi min, haka za ka yi masa."

Shiru-shiru ya miƙe. Ya kwantar da kan yarinyar a ƙirjinsa, ya rufe mata ɗaya kunnen da tafin hannu. Fuskarsa ta koma ta yaron nan mai leƙe ta taga, wadda uban bai taɓa tsayawa ya karanta ba sai yau.

"Baba, mu za mu koma."

Mai Katifa ya dubi ƙofar ɗakin baya. In ya ja ta, Direba zai koma gida da mutuncinsa, matar za ta gamsu, unguwa za ta ci gaba da kwana lafiya a kan abin da ta saba, jikarsa kuma za ta girma tana gaishe shi daga cinyar ubanta har ta fi ƙarfin cinya ta daina zuwa. Ya soke basilla a gwangwani. Ya kama farar katifar ta kunne biyu, ya ja ta har bakin titi, ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya koma ya ɗauko sanda.

"Yau a waje za a yi. Ɗakin ya yi zafi."

"Baba, ai a ciki ya fi sirri," in ji Direba, muryarsa ta sirance.

"Kai ka ce yadda na yi maka."

Kafin ya gyara tsayuwa layi ya cika. 'Yan shagon aski suka fito, ɗaya da kumfa a rabin fuska. Mata suka tsaya a bakin ƙofofi, yara suka hau katanga. Shekara da shekaru ana jin abin nan ta bango, yau za a gani da ido. Autan Direba, wanda ya sha zuwa ɗakin, yanzu tsoronsa na gaske ne.

"Baba Mai Katifa, wallahi ban faɗa wa kowa ba," ya ce cikin raɗa.

"Na sani. Tsaya can jikin bango. Yadda ka saba."

Sanda ta tashi, ta sauka a tsakiyar katifa da ƙarar da kowa a wurin ya sani tun yana goye. Yaron kuwa, da yake horo ya riga ya zauna masa a jiki, ya daka tsalle ya dafe ɗuwawu da hannu biyu.

"Wayyo Allah, na tuba!"

Tsakaninsa da bakin sanda akwai filin da mai keke zai wuce bai taɓa kowa ba. A bugu na biyu ya sake cewa ya tuba, amma a hankali, yana satar kallon uwarsa. A na uku babu abin da ya tashi sai ɓurɓushin auduga. Wata yarinya a kan katanga ta ƙyalƙyale da dariya, yayarta ta toshe mata baki.

Matar Direba ta juya a hankali ta fuskanci mijinta.

"Kai. Tabon gwiwarka fa?"

"Ke, ba a gaban yara ba."

"Keke ne," in ji Mai Katifa, yana haki. "Ni na ɗaure masa."

Nan take magidantan unguwa suka fara tuna ayyukan da suka bari. Wanzami ya tuna ruwan zafinsa, mai shagon magani ya tuna bai kulle ba, Direba ya bi bayan matarsa yana bayani da hannu biyu, autan yana biye da su yana ɗingishi da ƙafar dama, don ba a ce masa an soke wannan ƙa'idar ba.

Unguwa ba ta ɗauki lokaci ba ta ɗinke ɓarakar. Kafin mako ya fita an daidaita a shagon aski cewa tsufa ne ya sanyaya hannun dattijo, amma a zamaninsu dukan gaske yake yi. Hedimasta ya shigar da abin cikin jawabinsa a matsayin misalin yadda zamani yake lalata har manya. Ba a sake kawo yaro shagon ba, kuma a wasu gidaje iyaye suka nemi tasu bulalar, wadda ba ta san katifa ba. Wannan nauyin Mai Katifa ya ɗauke shi a ransa, bai kuma sami mai sauke masa ba.

Amma a wannan yammacin, da layi ya watse, shi ɗansa kawai yake kallo. Ya yi tsammanin dariya, ko aƙalla ajiyar zuciya. Shiru-shiru yana tsaye inda yake, hannunsa har yanzu a kan kunnen yarinyar, ita kuwa tana ta mutsu-mutsu tana son ta ga abin da ake yi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai da uban ya matso ya juyo da kunnen dama.

"Ashe duk unguwar nan ni kaɗai ka daka."

A cikin duk ƙa'idodin da tsohon ya tsara babu wadda ta tanadi wannan.

"Ban sani ba," ya ce daga ƙarshe.

"Na san ba ka sani ba, Baba. Bango ɗaya ne tsakaninmu."

Inna, wadda take tsaye a bakin ƙofar gida, ta koma ciki ta shiga wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Yarinyar ta sami hannun ubanta ya yi sako-sako, ta zame ta sauka. Bai kamo ta ba. Ta yi tsaye ta ƙare wa kakanta kallo daga takalmi zuwa hula, ba ta ga abin tsoro ba, ta wuce shi ta haye farar katifar mutane da takalmanta ta hau tsalle. Kowane tsalle yana barin hoton tafin takalmi a kan yadin da za a zo ɗauka kafin magariba. Kafaɗun Shiru-shiru suka ɗaga, idonsa ya tafi kan sanda. Mai Katifa ya gani. Ya jingine ta da bango, ya durƙusa a bakin katifa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Amarya, sauko a cire takalmi."

"A'a."

"Ta mutane ce. Sauko in cire miki, sai ki koma."

"A'a!" Ta ƙara tsalle, tana dariya.

Ya haɗe gira, ya yi mata kallon da ya sa manyan 'yan unguwa fitsari a wando. Ta tsaya, ta haɗe tata girar, ta mayar masa, ta ci gaba da abin da take yi. Tsohon ya waiwayo ya dubi ɗansa, ya yi masa tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Ku yaya kuke yi da ita in ta ƙi?"

Shiru-shiru ya dubi 'yarsa, ya dubi katifar da ta gama lalacewa, ya shafa ƙeya.

"Wallahi, Baba, mu ma ba mu sani ba."

Ya koma kan benci, wannan karon ya zauna a tsakiyarsa, ya cire hula ya ajiye a gefe, ya tambaya ko akwai sauran shayi.